Suna Linzami: Dabbobin Da Sunayensu Ke Yaudarar Mu

Hausawa na cewa suna linzami ne, wato inda aka ja shi nan ake bi. To amma linzami in ya faɗa hannun wanda bai san hanya ba, sai ya kai doki rami. A wannan yanki namu, tun daga gaɓar kogin Kwara har zuwa tafkin Cadi, akwai dabbobi da dama waɗanda sunan da muke kiran su da shi ya sha bamban da abin da suke a zahiri. Muna da raƙumin da bai haɗa komai da raƙumi ba, muna da giwar da ake kamawa da koma, muna kuma da kifin da ke shayar da ɗansa nono.

Wannan ba laifin kakanninmu ba ne. Ɗan Adam in ya ga baƙon abu, yakan auna shi ne da abin da ya riga ya sani, ya laƙaba masa sunan wanda ya fi kama da shi. Kowane harshe haka yake yi. Faransawa suna kiran jemage "chauve-souris", wato ɓera mai sanƙo, alhali jemage ba ɓera ba ne, kuma kansa cike yake da gashi. Mafi yawan irin waɗannan sunaye ba su cutar da kowa, abin raha ne kawai a wurin hira. Sai dai akwai waɗanda suka jawo asarar dukiya da ƙarewar namun daji, wasu ma har da asarar rayuka. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane, kuma mai karatu zai ga gaskiyar wannan magana a misalan da ke tafe.

Raƙumin dawa

Duk wanda ya ga raƙumin dawa ya san dalilin sunan. Ga dogon wuya, ga dogayen ƙafafu, ga kiwon ganyen ƙaya, sa'an nan in yana tafiya yakan ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe guda tare, kamar yadda raƙumi ke yi. Ba Bahaushe kaɗai ya ga wannan kama ba, domin Girkawa da Rumawan dā sun kira shi da sunan da ya haɗa raƙumi da damisa saboda zanen jikinsa, kuma har yau wannan suna na nan a cikin sunansa na kimiyya.

Amma in aka bi salsala, raƙumin dawa ya fi kusa da saniya da barewa. Kofatonsa a tsage yake kamar na saniya, ba faffaɗar tafin ƙafa mai taushi irin ta raƙumi ba, tumbinsa kuma ɗaki huɗu ne, na raƙumi uku. Ɗan'uwansa na kusa shi ne wata dabba mai suna okapi da ke cikin kurmin Kwango.

Inda suna ya so ya yi ɓarna shi ne wajen ƙidaya. Shekaru da yawa masana na ɗaukar duk raƙuman dawan Afirka a matsayin jinsi ɗaya, saboda haka yawan na kudancin nahiyar yakan rufe ƙarancin na sauran wurare. Sai a watan Agusta na 2025 ne Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta amince cewa jinsi huɗu ne. Irin na Afirka ta Yamma kuwa, wanda a dā ake samu daga Senegal har zuwa yankin tafkin Cadi, ya ƙare ko'ina sai a Nijar. A shekarar 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Da aka tsaya kan hana farautarsu, manoman yankin kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi musu a gonakin wake, sai ga shi a ƙidayar 2017 sun haura 600. A 2018 an ɗauki guda takwas an kai su gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba.

Giwan ruwa da ayu

A kasuwannin kifi na Yamai da Yawuri da Garwa da Njamena, babu kifin da ya kai giwan ruwa daraja. Faransawa na ce masa "capitaine". Girmansa ne ya jawo masa sunan giwa, domin babbansa yakan kusa mita biyu, nauyinsa kuma yakan kai kilo 200. Ban da girman nan, babu abin da ya haɗa shi da giwa. Kifi ne kamar kowane kifi, macen tana zuba miliyoyin ƙwai a ruwa.

Abin mamaki shi ne, a cikin ruwan nan guda akwai ɗan'uwan giwa na ainihi, amma shi kuma sai aka jefa shi cikin kifaye. Wannan shi ne ayu, wanda za ka ji wasu na ce masa kifin ayu. Ayu yana shaƙar iska ne da huhu, dole ya riƙa ɗago hancinsa saman ruwa. Ciyawar ruwa yake ci. Macen tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi da nonon da ke ƙarƙashin hammatarta, sa'an nan ta ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ta sake haihuwa. Haƙoransa na ciki suna sauyawa daga baya zuwa gaba, kusan yadda na giwa ke yi, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da wannan dangantaka. Wani ɗan'uwan nasu shi ne rema, wadda ke zaune a kan duwatsu, mai kama da ƙaton ɓera mara wutsiya.

Illar kiran ayu kifi a fili take. Wanda ya ɗauka kifi ne zai zaci in an kama ɗaya dubu na nan tafe, alhali kashe mace ɗaya daidai yake da yanke zuriyar shekaru. Ga kuma 'yan kasuwar man ayu da ake tallarsa a matsayin maganin ƙarfin maza da mallaka, abin da ya sa farashinsa ke ruɗar masunta. Madatsun ruwa da ƙafewar koguna su ma sun rage masa wurin zama. Har yanzu ana samun sa a Kwara da Binuwai da tafkunan Lere da Tirene na ƙasar Cadi, amma ya yi ƙaranci ƙwarai. A shekarar 2013 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sanya shi a jerin farko, wato an haramta fataucinsa ko wani sashe na jikinsa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Dorina kuwa a Hausa ta tsira da sunanta, amma a wasu harsunan ba ta tsira ba. Larabawa na ce mata "farasun nahar", wato dokin kogi, sunanta na Faransanci da Ingilishi ma ma'anarsa ke nan a Girkanci. Masana sun gano cewa danginta na kusa su ne manyan dabbobin nan na teku masu shayarwa da Faransawa ke kira "baleine", waɗanda su ma jama'a ke ɗauka kifaye ne.

Baƙin da aka laƙaba wa garin da ba nasu ba

Akwai wata 'yar dabba mai taushin gashi, mara wutsiya, da yara ke kiwo a gida, wadda Hausawa ke kira ɓeran Masar. Rabin sunan gaskiya ne, domin dangin ɓera ce. Amma asalinta tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwon ta don nama. Da alama a dā duk baƙon abin da ya zo ta hannun fatake da mahajjata sai a jingina shi ga Masar. Haka aka yi wa masara, wadda asalinta ƙasar Meziko ce. Turawa ma ba su tsira ba: Faransawa na kiran wannan dabba aladen Indiya, Ingilishi kuma aladen Gini, ita kuwa ba alade ba ce, ba ta kuma fito daga Indiya ko Gini ba.

Mai son kiwon ta, kamar yadda ake yi a yammacin Kamaru, ya kamata ya san cewa ba ta hayayyafa irin ta ɓera. Ɓera na haihuwa cikin mako uku, ita kuwa cikinta ya haura wata biyu, 'ya'yan kuma kaɗan ne. Bugu da ƙari jikinta ba ya iya sarrafa sinadarin bitamin C, don haka in aka tsare ta a kan dusa da hatsi babu ɗanyen ganye, sai ta kamu da ciwo.

Talo-talo shi ne sarkin masu sunan aro. Ingilishi sun jingina shi ga Turkiyya, Turkawa da Faransawa sun jingina shi ga Indiya, Larabawa na ce masa zakaran Rum, alhali a Meziko aka fara kiwon sa, kuma 'yan Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Haka nan agwagwar nan mai jan tsiro a fuska da ta cika gidajenmu: Ingilishi sun ce ta Mosko ce, Faransawa sun ce ta Arewacin Afirka ce, ita kuwa daga nahiyar Amurka ta fito. Sanin haka na da amfani ga mai kiwo, domin ƙwanta kwana 35 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na sauran agwagi kuwa kwana 28. Mutane da yawa sun zubar da ƙwai mai rai don sun ga wata ya cika bai fashe ba.

Zomo ma suna ɗaya ne a kan dabbobi biyu. Zomon daji ana haihuwar 'ya'yansa da gashi, idonsu a buɗe. Zomon gida kuwa, wanda asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal ne, 'ya'yansa tsirara ake haihuwarsu, idonsu a rufe. Ba sa barbarar juna su haihu, kuma na daji ba ya jure zaman keji.

Ɓarnar fassara

Wasu kurakuran ba daga Hausa suka taso ba, wajen fassara aka samo su. Damisa ƙi sabo, wadda kowa ya sani da ɗige-ɗige a jiki, ita ce Faransawa ke kira "léopard" ko "panthère". Amma sau da yawa a littattafan yara da labaran rediyo za ka ji an fassara "tigre" da damisa, har a buga hoton wata ƙatuwar dabba mai ratsi-ratsi. Wannan mai ratsin a nahiyar Asiya kaɗai take zaune, babu ita a dajin Afirka ko ɗaya.

Haka ma kada. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an saba ce masa "caïman", har akwai wani sanannen tafki a birnin Yamusukuro mai wannan suna, alhali dabbar da ke da sunan a nahiyar Amurka take. Ko a cikin kadojinmu ma suna ɗaya ya daɗe yana rufe jinsi biyu. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa kadan Afirka ta Yamma, irin wanda ake gani a tafkunan Paga na arewacin Gana da kwazazzaban Ennedi a Cadi, daban yake da babban kadan kogin Nilu. Ya fi shi ƙanƙanta, bai kuma kai shi faɗa ba. Gyazbi, wanda ake kiwo don nama a Gana da Benin, shi ma an ɗora masa sunan "agouti", wata dabbar Kudancin Amurka.

Labarin dila ya fi ban sha'awa. Masu fassara kan ba dila matsayin "renard" na tatsuniyoyin Turawa saboda wayonsa, alhali yanyawa ce ta fi cancanta da wannan suna. Kalmar "loup" kuma akan fassara ta da kerkeci, amma kerkecin da maharbanmu suka sani shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, mai farauta a garke, wanda yanzu ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma. Sai ga shi a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dilan Sahel mai ruwan ƙasa ya fi kusa da "loup" ɗin Turai a kan dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su jinsi ɗaya. Ashe dabbar da ake ta neman sunanta a Hausa tana nan bayan gari tana satar kaji.

Barewa kuwa an saba ce mata "biche", wanda sunan macen wata dabba ce mai ƙaho mai rassa da ke zubewa duk shekara, kuma babu irinta a kudu da Sahara. Ƙahon barewa ba ya da rassa, ba ya kuma zubewa. Matsalar a nan ita ce tara komai a ƙarƙashin suna ɗaya. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ari sunanta, ita ce mafi girma a cikin bareyi, kuma waɗanda suka rage a daji duk duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, a Nijar da Cadi galibi. Don kare irinsu ne aka kafa gandun Termit da Tin-Tumma a 2012. Wanda ya harbi mena yana cewa ai barewa ce kawai, bai san girman ɓarnar da ya yi ba.

Gobe da nisa

Duk abin da aka ambata a sama bai kai wannan haɗari ba. Kububuwa 'yar ƙaramar macijiya ce, mai launin ƙasa da ɗige-ɗige, wadda in ta fusata takan goga jikinta ya riƙa ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma da makiyaya a yankin kwarin Binuwai da arewacin Kamaru da kudancin Cadi da arewacin Gana. A wurare da yawa ana yi mata kirari da "gobe da nisa", wato wanda ta sara ba zai ga wayewar gari ba.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ba haka dafinta ke aiki ba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa ne. Wurin saran zai kumbura, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ko cikin fitsari, ko ta wani tsohon miki. Wanda abin ya yi ajalinsa, galibi sai bayan kwanaki ne, sa'ad da jini ya ɓalle a cikin kai ko cikin ciki. In ba a yi magani ba, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke mutuwa, in kuwa an sami allurar kashe dafi mai kyau, adadin yakan sauko ƙasa ƙwarai.

Saboda haka sunan yana yaudara ta fuska biyu. Wasu dangin in sun ji an ce gobe da nisa ce, sai su yanke ƙauna, su ce ina amfanin ɗaukar mota zuwa asibiti mai nisa tunda ba zai kwana ba. Wasu kuma in gari ya waye suka ga mutum na zaune yana shan kunu, sai su ce ai an tsallake, maganin mai magani ya ci, alhali a lokacin ne jininsa ya tsinke, haɗarin na gaba. Gaskiyar magana ita ce allurar kashe dafi tana aiki ko bayan kwana biyu ko uku, muddin jinin bai koma daidai ba, ko da yake gaggawa ta fi. Gwajin ma mai sauƙi ne: ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, ya bar shi minti 20, in bai daskare ba to dafin na aiki. A garin Kaltungo na jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji, inda ake karɓar majinyata har daga ƙasashe maƙwabta.

Su kansu masana sun taɓa faɗawa tarkon suna a kan wannan macijiya. A dā an haɗa kububuwar Afirka ta Yamma da wata mai kama da ita ta ƙasar Indiya a ƙarƙashin sunan kimiyya ɗaya. Ko bayan da aka raba su, an ci gaba da shigo da allurar da aka haɗa da dafin ta Indiya ana sayarwa a nan. Wani rahoto da aka buga a 2008 daga wani asibitin karkara a ƙasar Gana ya nuna cewa da aka koma amfani da irin wannan allura, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100. Sunan da ke jikin kwalba ya yi kama, amma dafin daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2017 ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Shawararta ita ce kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, a kwantar da gaɓar kada ta yi motsi, a garzaya asibiti.

Ƙyandar biri

Wani sunan da ya ɗora wa dabba laifin da ba nata ba shi ne ƙyandar biri. An fara gano ƙwayar cutar ne a 1958 a jikin wasu birai da ake gwaji da su a birnin Kwapanhagen na ƙasar Denmak, daga nan sunan ya bi su. An fara ganin ta a jikin mutum a 1970 a ƙasar Kwango. Amma biri shi ma kamuwa yake yi kamar mutum, kuma masana sun fi zargin ƙananan dabbobi irin su kurege da gafiya da cewa su ne matattararta. A 2003 cutar ta ɓulla a Amurka ta kama mutum 47, aka bi sawu aka tarar ta shiga ne ta hanyar wasu ƙananan dabbobi, har da gafiya, da aka kai daga Gana. Su ne suka shafa wa wata dabba da Amurkawa ke kiwo a gida suna kiran ta karen fako, wadda ita ma dangin kurege ce, ba kare ba.

Da cutar ta bazu a duniya a 2022, daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa ta hanyar cuɗanyar jiki, amma a ƙasar Burazil sai aka sami rahotannin mutane na jifan birai da ba su guba. A watan Nuwamba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya wa cutar suna zuwa "mpox". A Hausa kuwa har yanzu muna kan tsohon suna, kuma namu kuskuren biyu ne. Ban da biri, kalmar ƙyanda ma ba daidai take ba, domin cutar 'yar'uwar agana ce, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Uwar da ta ji an ce ƙyanda tana iya zaton rigakafin ƙyandar da aka yi wa ɗanta ya wadatar, alhali ba ya kare shi daga wannan. Wanda kuma ya ji an ce biri zai ce shi bai taɓa cin biri ba, sai ya ci gaba da kwana a shimfiɗa ɗaya da mai ƙurajen.

Irin wannan ta faru a Masar a 2009, lokacin murar da aka laƙaba wa aladu. Gwamnati ta ba da umarnin yanka aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali a lokacin ba a sami cutar a ƙasar ba, kuma tsakanin mutane take yaɗuwa. Masu kwasar shara na birnin Alƙahira, waɗanda ke ciyar da dabbobin da ragowar abinci, sun rasa abin dogaro, shara kuma ta taru a tituna. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan dabba ko gari ko ƙasa.

Na cikin gida

Ko a cikin ɗakunanmu akwai irin wannan ruɗani. Jaɓa, mai dogon baki da wari, ana lissafa ta cikin ɓeraye, amma ba danginsu ba ce. Ba ta gaigayar hatsi, ƙwari take ci, har da kyankyasai. Ɓeran da ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai nonuwa da yawa, mai shiga rumbu da ɗakin girki, domin ta fitsarinsa da kashinsa ne zazzaɓin Lassa ke shiga abinci. Ƙudan zuma ma ba ƙuda ba ne. Fukafukansa huɗu ne, na ƙuda biyu, danginsa su ne rina da tururuwa. Manomin da ke fesa maganin ƙwari da rana tsaka lokacin da wake ko kabewa ke fure, yana kashe mai yi masa barbarar amfanin gona ne da hannunsa. Gara kuma, wadda Ingilishi ke kira farar tururuwa, dangin kyankyaso ce.

Ina mafita?

Babu mai cewa a soke raƙumin dawa ko giwan ruwa daga Hausa. Sunaye ne masu daɗi, suna kuma ɗauke da tarihin yadda mutanenmu suka kalli duniya. Masana kimiyya ma ba su kashe sunayen gargajiya ba, sai dai tun 1758, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya daidaita tsarin ba kowace dabba suna mai kalma biyu, suka sami abin da za su riƙa komawa gare shi in an yi saɓani.

Abin da ake buƙata shi ne a san inda suna ke iya cutarwa, a yi masa gyara ko bayani. Masu fassara a gidajen rediyo da jaridu su ne a sahun gaba, domin kalmar da suka zaɓa ranar farko ita ce ke zama a bakin jama'a. Ya kamata hukumomin lafiya na Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi da Gana su riƙa zama da masana Hausa kafin a saki sunan sabuwar cuta, tunda harshen ɗaya ne kuma cuta ba ta san iyaka ba. Masu rubuta littattafan firamare su tabbata hoton da suka sa shi ne na dabbar da suka ambata. Ma'aikatan asibitocin karkara kuma su riƙa faɗa wa jama'a a ranakun kasuwa cewa wanda kububuwa ta sara yana da sauran dama, kuma wayewar gari ba ita ce warkewa ba.

Akwai kuma aikin da ke jiran jami'o'inmu na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Kano da Sakkwato da Zariya. Tsofaffin maharba da sarkawa da makiyaya suna da sunaye daban-daban ga dabbobin da mutumin birni ke tarawa a kalma ɗaya, sun san bambancin damo da guza, da bushiya da beguwa, da kasa da kububuwa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikin waɗannan kalmomi, amma ya haura shekara 90, kuma masu wannan sani suna ta tafiya. In aka zauna da su aka rubuta kowane suna tare da hoton dabbar da sunanta na kimiyya, za a bar wa 'yan baya abin da zai amfani likita da malamin gona da ɗan jarida baki ɗaya. Allah Ya sa masu abin su ji, Ya kuma kare manomanmu a wannan damina da masu zuwa.